Daga Manchesta zuwa majalisar Kawu a Bauchi

Assalamu alaikum Kawu. Da fatan kuna lafiya, da su Inna da yara da mutanen majalisar ƙofar gida baki ɗaya. Kun ce in daina turo muryar minti biyu a WhatsApp, in zauna in rubuto yadda ake saye da biya a nan, don 'yan majalisa sun ishe ku da tambaya. To ga shi, ku karanta musu bayan la'asar.

Abincin Turawa ba shi da tsada in aka auna da albashi. Burodi, madara, taliya, dankalin Turawa da ƙwai, in ka shiga Aldi ko Lidl sai ka cika leda da kuɗin aikin awa ɗaya ko biyu. Namu ne ke yanka aljihu. Doya ƙwaya ɗaya a shagunan 'yan Afirka na Moston, sai na juya ta sau uku ina tuna yadda ake jibge ta a Muda Lawal kafin in miƙa kati. Naman halal akwai shi a wadace a Cheetham Hill da Longsight, amma naman rago ne mai kitse, ba shi da ƙanshin na gida. Masa kuwa na haƙura. Na sayi tanda, na jiƙa shinkafa, na bar ƙullu ya kwana kusa da hita don ya tashi, abin da ya fito ko almajirin Wunti ba zai karɓa ba. Kuma don Allah kada a sake ba wani kilishi ya kawo mini, doka ta hana shigo da nama daga Najeriya, a filin jirgi za a ƙwace.

Haya ce uwar kashe kuɗi. Bayan ita ga harajin ƙaramar hukuma da kowane gida ke biya, ga gas na ɗumama ɗaki, har kallon talabijin sai da lasisi, wanda a 2025 ya kai fam 174.50 a shekara. Wuta ba ta ɗaukewa, wannan gaskiya ne, tun zuwana ban ji an yi ihun an kawo wuta ba. Sai dai kana kallon mita tana cin kuɗi da kanka za ka tashi ka kashe ƙwan fitila. Bas ɗin gari masu launin ɗorawa fam 2 ne duk nisan da za ka je, ba ciniki irin na mai Keke Napep. Asibiti kuma, yawancin baƙi suna biyan fam 1,035 na kowace shekara tun wajen neman biza, mu masu bizar aikin lafiya da kula da tsofaffi an ɗauke mana. Ganin likita kyauta ne, amma sai ka kama waya ƙarfe takwas na safe kana layi, magani kuma fam 9.90 kowane iri. Ba kamar gida ba da za ka faɗa wa mai kemis ciwonka ya ƙulla maka a leda.

Akwai wata hidimar gwamnati da ban taɓa tunanin ana yin ta ba sai da na zo, wato kare baƙi daga gwamnatocin ƙasashensu da ke bibiyarsu har nan, ita nake so in daɗe a kai.

A gidan tsofaffin da nake aikin dare akwai wata abokiyar aiki 'yar Hong Kong. Ranar da aka yi ɗan bikin ma'aikata aka ce a tsaya a ɗauki hoto, sai ta sulale ta shige kicin. Na ɗauka kunya ce. Wajen ƙarfe uku na dare muna shan shayi ta ce mini iyayenta suna can gida, ita kuma tana zuwa zanga-zangar adawa da gwamnatin Sin mai iko da Hong Kong a nan, don haka ba ta yarda fuskarta ta hau intanet. Ko wajen zanga-zangar da takunkumi take zuwa. Na ce ai nan Ingila ce, wa zai taɓa ki? Ta tambaye ni ko na san ƙaramin ofishin jakadancin Sin da ke Rusholme. Na san shi mana, ba shi da nisa da Wilmslow Road inda muke zuwa cin gasasshen nama. A ƙofar wannan ofishin, ranar 16 ga Oktoba 2022, aka ja wani ɗan Hong Kong mai zanga-zanga cikin harabar aka lakaɗa masa duka, sai da ɗan sanda ya kutsa ya jawo shi waje. 'Yan sanda suka nemi yi wa jami'ai shida tambayoyi, har da shugaban ofishin. Kafin wa'adin ya cika a watan Disamba, Sin ta kwashe mutanenta sun koma gida. Ba wanda ya tsaya gaban alƙali.

Daga Yulin 2023 kuma hukumomin Hong Kong suka fara sa ladar dalarsu miliyan ɗaya a kan wasu 'yan adawa da ke zaune a waje, da dama a nan Birtaniya. Har wasiƙu aka riƙa jefa wa maƙwabtan wasunsu ana kwaɗaita musu kuɗin. Ku duba Kawu, kamar a ce mutum ya gudo Fadamar Mada ya kama haya, sai a bi gida-gida ana raba takarda cewa duk wanda ya miƙa shi zai samu kuɗin sayen fili. Mutanen Iran nasu ya fi muni. A Maris 2024 aka daɓa wa wani ɗan jaridar tashar Iran International wuƙa a ƙofar gidansa a Wimbledon, kuma shugaban hukumar leƙen asiri ta MI5, Ken McCallum, ya faɗa a Oktoban 2024 cewa sun daƙile makirci 20 masu alaƙa da Iran tun farkon 2022.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. A 2023 aka yi sabuwar dokar tsaron ƙasa wadda ta mai da yi wa hukumar leƙen asirin wata ƙasa aiki, ko tsoratar da mutum a madadinta, laifi mai zaman kansa. Da ita aka gurfanar da mutum uku a Mayun 2024 bisa zargin yi wa Hong Kong leƙen asiri, ɗaya ma'aikaci ne a ofishin kasuwancinta na Landan. Daga 1 ga Yuli 2025 duk mai yi wa wata ƙasa kamun ƙafa a siyasar nan sai ya yi rajista, an kuma fi tsaurara wa masu hulɗa da Iran da Rasha. An fitar da shawarwari a shafin gwamnati kan abin da mutum zai yi in ya ga ana bibiyarsa, ana kuma horar da 'yan sanda su gane irin wannan ƙara. Lambobin dai su ne na kowa, 999 in abu ya yi zafi, 101 in ba gaggawa. Ba a tambayarka ɗan wane ne kai, ba kuma maganar kuɗin mai.

Ina sauraronta sai labarin Umaru Dikko da kuka sha ba mu ya faɗo mini. Ranar 5 ga Yuli 1984 aka sace tsohon ministan sufurin Shagari a ƙofar gidansa a Landan, aka yi masa allurar barci aka cusa a akwatin katako tare da wani likita ɗan Isra'ila, aka kai filin jirgin Stansted inda jirgin Nigeria Airways ke jira. Sakatariyarsa ce ta gani ta kira 'yan sanda, akwatin kuma ba a yi masa alamar kayan jakadanci yadda doka ta ce ba, sai jami'an kwastan suka buɗe. Mutum huɗu aka ɗaure, gwamnatin soja ta lokacin ta ce ba hannunta. Da na ba abokiyar aikina labarin ta yi dariya ta ce yanzu wa zai wahalar da kansa da akwati, ai kiran waya ɗaya zuwa ga mahaifiyarka ya wadatar.

Nan ne hidimar take gaza kaiwa, a ganina. Ɗan sandan Manchesta zai zo ya ɗauki bayani cikin ladabi, ya ba ka lambar ƙara, wataƙila ya ba ka shawarar sa kyamara a ƙofa. Amma wanda aka kira ofis a can gida aka nuna masa hoton 'yarsa a wajen zanga-zanga, ba hurumin ɗan sandan nan ba ne. Akwai wani ɗan Iritiriya da muke sallar Juma'a tare. Su gwamnatinsu harajin kashi 2 cikin ɗari take nema a kan abin da suka samu a waje, in ba ka biya ba ka manta da sabunta fasfo ko takardar gado. Kanada ta kori ƙaramin jakadansu na Toronto a 2013 a kan wannan karɓar kuɗi, amma shi abokin nawa har yau yana biya, saboda gidan mahaifinsa.

Mu alhamdu lillahi ba mu kai can ba, ban taɓa ganin wani ya bi ni ba. Amma kun tuna watan jiya da na yi rubutu a Facebook kan kwatar unguwarmu da ta toshe tun damina? Kwana biyu Inna ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa, wai wani ya tare ta a gidan suna ya ce a ja wa yaron nan kunne, yana can cikin sanyi yana jawo wa mutane magana. Ina tsaye a tashar bas, ɗan sanda yana tsallaken titi, na goge rubutun kafin bas ta iso.

In an samu mai tahowa a aiko mini da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, a ɗaure daddawar sosai don kada ta cika wa mutane jaka da wari. A gaida Inna, a ce mata na goge. Kwatar kuma ku faɗa mini ko an yashe ta.