Daga fentin gida zuwa fentin teku: wace takarda za ka fara saya?

Mai fentin gidaje ko mai walda da ya ji labarin albashin masu aiki a rijiyoyin mai na cikin teku, abin da ke fara zuwa masa shi ne wane kwas zai biya wa kuɗi. Masu sayar da kwas kuwa sun yi yawa, kowa na cewa tasa takardar ce mabuɗi. Hanyoyi huɗu ake yawan tallatawa: BOSIET, wato horon tsira da rai a teku, takardar sufeton fenti, horon mai feshi, da horon hawa igiya na IRATA. Ba darajarsu ɗaya ba ga wanda bai taɓa shiga aikin ba.

Ka fara sanin aikin kansa, ɗan'uwa. A teku ba don ado ake fenti ba, don hana tsatsa cin ƙarfe ake yi, domin gishiri da raɓa ba sa barinsa ya huta dare da rana. Mafi yawan wahalar ma ba a shafa fentin take ba, a gyaran ƙarfen take. Ana fesa masa tsakuwar ganet da iska mai ƙarfi har ya koma fari-fari, matakin da ake kira Sa 2½ a ƙa'idar ISO 8501-1. Kafin a buɗe gwangwani sai an auna damshin iska, kada ya wuce kashi 85 cikin ɗari, sannan zafin ƙarfen ya ɗara ma'aunin saukar raɓa da digiri 3 aƙalla. Daga nan a sa shafin farko mai sinadarin zinki, a bi da wani fenti mai suna ifoksi, a rufe da na sama. A ƙa'idar NORSOK M-501 ta ƙasar Nowe, kaurin duka ukun bai kamata ya gaza maikiron 280 ba (maikiron dubu ne milimita ɗaya), kuma sufeto zai zo da na'ura ya auna. Idan ya gaza, kankarewa za ka yi ka sake. Ifoksi gwangwani biyu ne ake haɗawa, da ka haɗa lokacinsa ya fara tafiya, in ka yi sanya ya daskare maka cikin tiyo.

Shi ya sa nake cewa kuɗinka na farko ya tafi wurin horon mai feshin tsakuwa da feshin fenti. Akwai kwas ɗin ICATS na cibiyar nazarin tsatsa ta Ingila, akwai Train the Painter, akwai kuma na AMPP, ƙungiyar Amurka da aka kafa a 2021 bayan haɗewar NACE da SSPC, mai kwas ɗin C7 na feshin tsakuwa da C12 na feshin fenti. Kowanne ka samu a cibiyar da aka amince da ita ya yi. Abin da nake so da wannan hanya shi ne ita kaɗai ce ke koya maka sana'ar da za a biya ka dominta. Kuma tana ba ka abinci tun kafin ka ga teku, domin wuraren ƙera ƙarafa na Onne da Fatakwal da Warri da Legas duk masu feshi suke nema. Jirgin haƙar mai na Egina da ya fara aiki a 2018, a Legas aka ƙarasa harhaɗa shi, a bakin gaɓa. Ɗan kwangilar da zai kai mutane teku, daga cikin waɗanda ya gani da idonsa a irin waɗannan wurare yake zaɓa: wanda ya iya riƙe bindigar feshi a nisa ɗaya ba tare da fenti ya zuba ba, wanda ba ya tsallake kusurwa da bakin walda, yana bin su da burushi tukuna. Mai walda ma yana da riba a nan, domin ya riga ya san ƙarfe, ya san inda tsatsa ke fara kamawa. Mai fentin gida kuwa sai ya haƙura ya koma ɗalibi, hannun rola daban, hannun feshi daban.

Horon nan ne kuma ke koya maka kare huhunka. Duk wurin da ka ga ana feshi da yashin rafi, ka gudu, ƙurarsa ke jawo ciwon huhu na silikosis, wanda ba ya warkewa. Fentin sama na foliyuretan yana da sinadarin da ke haddasa asma. Tsumma a hanci ba kariya ba ne, hular da ake turo wa iska ta tiyo ake sawa.

IRATA ita ce ta biyu a wurina, bayan ka yi shekara ko fiye kana feshi. Kwas ne na kamar mako guda, takardar tana aiki shekara 3, kuma kafin ka hau mataki na 2 sai ka cika sa'o'i 1,000 na aikin igiya a littafin da ake rubuta aikinka. Mai fentin da ya iya igiya ba ya rasa kira. Mai igiyar da bai iya fenti ba, sai dai ya yi ta lilo.

BOSIET dole ce, babu mai hawa jirgi mai saukar ungulu zuwa rijiyoyin mai na Bonga, kilomita 120 daga gaɓa, ba tare da ita ba. Amma ba sana'a ba ce, horon tsira da rai ne na kwana 3, har da kifar da kai cikin ruwa a samfurin jirgi ka fito da kanka. Shekara 4 take yi, takardar gwajin lafiya kuma shekara 2. In ka saye ta ba aiki a hannu, a aljihu za ta ƙare. Takardar sufeto, ko ta BGAS-CSWIP ko FROSIO, ka bar ta sai ka ga jiya ka ga yau.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, 'yan damfara. Ƙanina ya sayar da babur ɗinsa ya ba wani dillali da ya yi masa alkawarin aiki a Katar. An turo masa wasiƙar ɗaukar aiki ta WhatsApp, da tambarin kamfani da sa hannu da komai, aka ce ya biya kuɗin biza, sai na inshora, sai na wai ajiye masa gurbi. Ranar da ya nemi ganin ofis, layin ya mutu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗi don ya ɗauke ka aiki, ba ya rubuto maka daga adireshin Gmail, ba ya ɗaukar wanda bai gwada hannunsa ba.

Sai masu sayar da satifiket. Za su ce maka ba sai ka shiga ruwa ba, kawo hoto da rabin kuɗi, gobe ka karɓi BOSIET. Wannan takarda ko tsire ba za ta naɗe ba. OPITO, hukumar da ke da ikon wannan horo, tana da jerin cibiyoyin da ta amince da su a shafinta, kuma sunan duk wanda ya ci yana shiga rumbunta na Vantage. A can kamfani ke dubawa, ba a takardar hannunka ba. IRATA ma haka, kowane mai igiya da lambarsa. Akwai kuma cibiyoyin da suka taɓa samun izini ya ƙare, amma tambarin na nan a bango. Kafin ka biya ko sisi, duba sunan cibiyar a shafin hukumar da kanka, kada ka yarda da hoton da suka turo maka. Ka je da ƙafarka ka ga tukunyar feshi da kwamfuresa da ɗalibai sanye da kaya. In kujeru da allo kawai ka tarar, juya. Ka biya ta asusun kamfani, ba na wani mutum ba, ka karɓi rasit.

A Najeriya dokar 2010 ta bai wa 'yan ƙasa fifiko a ayyukan mai da gas, kuma NCDMB, hukumar da ke kula da wannan doka a Yenagoa, tana da rumbun NOGIC JQS inda masu sana'a ke sa sunayensu. Ka yi rajistar da hannunka, ba ka buƙatar dillali a tsakani. Idan wani ya ce yana da ɗan'uwa a ciki da zai tura sunanka gaba in ka ba da na goro, shi ma cikin su yake.