Manhajar kasinon da suke cewa "gwaninta ce ke ci": na gwada ta wata uku, ga abin da na gani

Jama'a bazan kama sunan manhajar ba, domin irinsu sunada yawa kuma kusan duk zubinsu ɗaya, inka ga ɗaya kamar kaga sauran ne. Abinda yasa na sauke ta tun farko tallarsu ce, suna ta nanata cewa wai mai basira shi ke ci a wajensu, wai ba sa'a bace lissafi ne. Ni kuma inason lissafi da wasannin da ake amfani da ƙwaƙwalwa, sai nace bari in gani da idona. Na fara da koyin ɗin kyauta, wato kuɗin wasa na bogi da suke bayarwa na gwaji, daga baya na saka kuɗi na gaske na ɗan lokaci, kuma duk zaman da nayi ina rubutawa a littafi, abinda na zuba da abinda ya dawo.

Ta ɓangaren aiki kam ba laifi, gaskiya ɗaya ce. Tana buɗewa da sauri, bata cin data sosai, hotuna fes, ko network ya ɗauke kana tsakiyar wasa in ya dawo zaka tarar da wasanka a inda ka barshi. Rajista minti biyu. Matsalata da ita wannan maganar gwanintar ce da suke sayarwa, don ita ce ke jan mutane, kuma mafi yawanta romon baka ne.

Akwai gwaji ɗaya mai sauƙi da nake yiwa kowane wasa: zan iya faɗuwa da gangan? In ina iya sa kaina in faɗi duk sanda naga dama, toh hannuna na da tasiri a wasan, akwai gwaninta kenan. A ces misali, minti ɗaya ya isheni in zubar da wasa in naso. Amma je ka gwada faɗuwa da gangan a rulet, wato faifan da ake juyawa ƙwallo ta faɗa ɗaya daga cikin gidajensa masu lamba da launin ja ko baƙi, ka saka akan ja da niyyar ka faɗi, sai kaga ja ta fito ka ci. Wasan da baka iya faɗuwa da ganganci bazaka iya cinsa da ganganci ba.

Rulet ɗin na fara da shi. Faifan Turai gida 37 ne, daga 0 zuwa 36, in lambarka ta fito su biyaka ninki 35. Ka zauna ka lissafa, in ka zuba 1 akan lamba ɗaya sau 37, a matsakaici zaka ci sau ɗaya ka samu 35, ka faɗi sau 36, kaga an rage maka 1 cikin 37, wato kashi 2.7 cikin ɗari na duk abinda ka zuba na gidan ne. Faifan Amurka kuma an ƙara masa gida guda mai sifili biyu, gidaje 38, sai rabon gida ya haura zuwa 5.26. Abinda ya ɓata min rai shine a manhajar nan faifan Amurkan suka sa a gaba da ƙaton hoto, na Turan sai ka gangara can ƙasa ka lalubo shi, kuma ba inda suka faɗa maka bambancin.

Sannan a gefen faifan sun ajiye wani allo mai nuna lambobin da suka fito a baya, da "lambobi masu zafi" da "masu sanyi". Wallahi wannan allon bashida wani amfani face ya sa ka ji kamar nazari kake. Ƙwallon bata tuna inda ta faɗa ɗazu. A gidan cacar Monte Carlo a watan Agusta na 1913 baƙi ya fito sau 26 a jere, mutane suka dinga tula kuɗi akan ja suna cewa ai yanzu dole ja ta fito, lokacinta yayi, suka yi asarar miliyoyi. Kowane juyi damar ja 18 ce cikin 37, ko baƙi ya fito sau ɗari kafin nan. Shekara sama da ɗari da faruwar wannan amma har yau a ɗakin hirar manhajar zakaga ana rubuta "ja ta daɗe bata zo ba ku shiga".

Dabarar ninkawa ma na gwada, wadda ake cewa in ka faɗi ka ninka har ka ci. Kwana biyun farko tana tafiya lafiya lau kana tsintar ƙanana ƙanana, shiyasa take ruɗar mutane. Amma in ka fara da 1 ka faɗi sau 10 a jere ka riga ka zubar da 1023, kuma sai ka saka 1024 don kawai ka fita da ribar 1, in ma iyakar teburin ta barka ka saka ɗin. Faɗuwa goma a jere akan ja ko baƙi tana zuwa kusan sau ɗaya cikin 780, wanda ke wasa kullum kuwa zai haɗu da ita, ni na haɗu da ita a sati na uku, Allah yasa da koyin gwaji ne.

Injinan silot bazan daɗe akansu ba don ba abinda mutum ke yi illa danna maɓalli. Sakamakon kwamfuta ce ke fitar da shi a daidai lokacin da ka danna, juyawar hotunan nan duk ado ne, har maɓallin "tsayar" ɗin da suka saka baya canza komai. Yawancinsu suna rubuta cewa suna mayar da kusan kashi 96 cikin ɗari, sai mutum yaji kamar 4 kacal zai rasa. Amma ai abinda ya dawo shi kake sake zubawa, ka zuba 100 ka yi ta juya shi har jimillar abinda ka danna ta kai 2500, toh kashi 4 na 2500 shine 100 ɗinka cif. Wani abu da na tsana kuma, ka zuba 10 ya dawo maka da 4, sai allo ya cika da wuta da kiɗa ana maka barka, alhali 6 ka rasa.

Wanda yafi damuna duk cikinsu shine wasan jirgin nan da ke tashi lamba tana hawa, kai kuma ka cire kuɗinka kafin ya ɓace. Shi ne yafi kama da gwaninta don kaine ke zaɓar lokacin fita, zuciya na bugawa yatsa na kan allo. Amma inda zai faɗi an riga an tsayar da shi kafin ya tashi, kuma ba ruwansa da zagayen baya. Irin waɗannan yawanci 97 cikin ɗari suke rubutawa, ma'ana damar ya kai ninki 2 bata kai rabi ba, kusan 48.5 ce, damar ninki 10 kuma ƙasa da 10 cikin ɗari. Ka fita da wuri ko ka jira, rabon gidan iri ɗaya ne, abinda kake zaɓa kawai shine kuɗin su tafi a hankali ko su tafi lokaci guda. Masu sayar da "sigina" da manhajar hasashe kuwa, da suna sanin inda zai faɗi da basu tsaya suna neman kuɗin rajistarka ba.

Wata mai nazarin halayyar ɗan adam a Amurka, Ellen Langer, tayi wani gwaji da aka buga a 1975, an sayarwa mutane tikitin caca, wasu aka barsu suka zaɓa da hannunsu wasu kuma aka miƙa musu kawai. Da aka nemi su sayar, waɗanda suka zaɓa da kansu sun nemi kuɗi fiye da ninki huɗu na abinda sauran suka nema, alhali damar tikitin ɗaya ce. Da na karanta wannan sai na gane dalilin da yasa manhajar ta cika da maɓallai da zaɓe zaɓe, ka zaɓi akwati, ka zaɓi kati, ka zaɓi lokacin fita. Hannunka suke so ya taɓa abin don ka ɗauka naka ne.

Toh ina gwanintar take? Akwaita, a wuri biyu, kuma anan na ɓata mafi yawan lokacina.

Blakjak, wasan kati da kake karawa da gida a ga wanda jimillar katunansa tafi kusa da 21 ba tare da ta wuce ba, shi dai ya wuce gwajin nawa, kana iya faɗuwa da gangan, ka yi ta karɓar kati har ka wuce 21. Akwai tsarin wasa da masana lissafi suka fitar tun shekarun 1950, wanda ke faɗa maka abin yi a kowane hannu, in katin as (mai harafin A) biyu ko takwas biyu suka zo maka ka raba su su zama hannu biyu, kar ka raba goma biyu, kar ka karɓi ƙarin cacar da suke kira inshora. Wanda ya haddace shi kuma teburin nada dokoki masu kyau, rabon gida yana sauka zuwa kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Na haddace, kuma littafina ya nuna kuɗi sunfi jimawa a hannuna anan fiye da ko'ina. Amma ku lura, gwanintar rage asara take, bata juya ta ta koma riba. Abinda ke iya juyawa shine ƙirga kati, wanda malamin lissafi Edward Thorp ya bayyana a 1962, kuma yana aiki ne saboda katunan da suka fita basa dawowa sai an sake cakuɗawa. A waya kuwa bayan kowane hannu kwamfuta ke sake cakuɗa komai, ƙirgan ya tashi a banza. Kuma wasu teburan nasu 6 akan 5 suke biya in ka samu blakjak, wato 21 da katunanka biyu na farko, maimakon 3 akan 2, wannan kaɗai yana ƙara musu kusan kashi 1.4, an rubuta shi da ƙananan haruffa a jikin teburin, na yi kwanaki ina wasa kafin idona ya kai wajen.

Foka, wadda ita ma wasan kati ce, ita ce daban, don da mutane kake karawa ba da gidan ba, gidan ɗan kasonsa kawai yake yanka a kowace tukunya, wato kuɗin da 'yan wasa suka tara a zagaye ɗaya. Anan karatun mutum da haƙuri da sanin lokacin ajiye kati suna da amfani na gaske. Amma sa'a bata tafi ko'ina ba. As biyu shine hannu mafi ƙarfi da mutum zai fara da shi, in ya haɗu da sarki biyu yana ci kusan sau 82 cikin ɗari, kaga kusan sau ɗaya cikin biyar zaka yi komai daidai kuma ka faɗi. A dare ɗaya sabon shiga na iya kwashe gwani, shiyasa Chris Moneymaker, wani mai aikin akanta da ya samu gurbi ta gasar intanet, ya doke mutum 838 a babbar gasar duniya a Las Vegas a 2003 ya tafi da dala miliyan 2.5, kuma labarinsa ya ja ɗimbin mutane cikin wasan. Da jami'ar Carnegie Mellon taso ta tabbatar kwamfutarta Libratus tafi ƙwararru iya foka a 2017, sai da aka yi kwana 20 ana bugawa, hannu 120,000, don sai an kai irin wannan adadin kafin sa'a ta lafa a gane waye gwani. Ni da na buga 'yan dubbai a wata uku, littafina ya nuna na ɗan haura, amma bazan iya rantsewa iyawata ce ba. Kuma kason da gidan ke yanka a ƙananan tebura yana cinye mafi yawan abinda mai matsakaicin iyawa zai samu.

Ludon da suka saka na kuɗi yana tsakiya, zaɓin ɗan da zaka motsa na da ɗan tasiri amma dayis ne mai gari, musamman da yake sun gajarta wasan zuwa 'yan mintuna, kuma duk wasan da aka gajarta sa'a ce ke ƙara ƙarfi a cikinsa.

Saura maganar bonas da cire kuɗi. Sun bani garaɓasar maraba, sai da nazo cirewa naga sharaɗin sai na juya ta sau da yawa tukuna, kuma blakjak da nafi iyawa kusan baya shiga lissafin juyin, silot ne ke shiga cikakke. Wato inda gwaninta ke aiki sun toshe, inda bata aiki sun buɗe ƙofa. Saka kuɗi daƙiƙa kaɗan ne, cirewa kuwa sai da na tura katin shaida na jira kwanaki, a tsakanin nan kuma maɓallin "soke cirewa ka cigaba da wasa" na nan ƙato a gabana kullum. Wajen saka wa kanka iyakar kuɗi ko rufe asusu akwai shi amma sai ka shiga saiti ka gangara ka sake shiga wani wuri, na tambayi masu kula da kwastoma sau biyu kafin suka nuna min, a karo na farko ma wani bonas suka turo min maimakon amsa.

In tauraro biyar ne zan basu biyu, ɗaya don manhajar na aiki sumul, ɗaya don teburin foka na koyin gwaji da ba'a saka kuɗi. Na cire ragowar kuɗina na rufe asusun, kuma har yanzu sati uku kenan saƙonsu bai daina shigo min ba, na jiya cewa yake wai sun lura ni ɗan wasa ne mai basira, in dawo akwai juyi 50 kyauta a silot.