Irin tizil da na saya ta intanet: wata 16 ina jiran fure a Yelwa

Hoton ne ya ja ni. Wata mai sayar da irin furanni a Instagram ta ɗora shi: kara dogo ya ɗara mutum tsayi, a samansa wani kai mai siffar ƙwai, duk ƙaya, ga ƙananan furanni masu launin shunayya sun zagaye tsakiyarsa kamar an yi masa ɗamara. Ta ce Turawan Ingila na kiransa tizil, kuma in ya bushe sai ya shekara a falo bai lalace ba. Ni kuwa na gaji da furen roba mai tara ƙura. A watan Oktoban bara waccan na tura mata naira 4,500 har da kuɗin mota.

Ba zan ci haƙƙinta ba. Kwana huɗu saƙo ya iso Bauchi, direba ya kira ni na je tasha na karɓa. Fakitin a rufe yake ruf, an buga sunansa na kimiyya a jiki, Dipsacus fullonum. Irin ƙanana ne, ruwan ƙasa, sun ɗan fi riɗi tsawo, ga kusurwa huɗu. Na sayo baƙar ledar reno wajen wani dattijo mai sayar da shuke-shuke a bakin titi, na haɗa ƙasa da yashi da busasshen kashin shanu, na danna iri 30 a sama ban binne su sosai ba. Kafin sati uku, 22 sun tsiro. Wanda ya taɓa sayen iri ta waya ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai wanda na taɓa saya na yi ta ban ruwa wata guda, ko ɗaya bai leƙo ba.

Kuskure na farko nawa ne. Tizil saiwa ɗaya yake yi mai nutsawa ƙasa kamar karas, ba ya son a daɗe ba a dasa shi ba. Na yi sakaci har saiwar ta huda leda, wajen cirewa biyar suka karye suka mutu. Sauran 17 suka kama, suka ji daɗin hunturu, ganye ya yi shimfiɗa a ƙasa kamar faifai, mai tamoji-tamoji, ga ƙaya a samansa, ga wata a jere a jijiyar bayansa. Surukata ta zo daga ƙauye, ta sa hannu ta taɓa, ta janye da sauri.

"Ke yanzu da kuɗinki kika sayo ƙaya? Ai da kin faɗa min, da na cika miki buhu da ƙarangiya kyauta."

Na ce, "Hajiya, ki bari ya yi fure ki gani."

Watan Fabrairu ya shigo, babu kara babu alamarsa. Na tambayi mai kayan, ta ce in ƙara haƙuri, in ƙara taki. Na ƙara. Sai da ɗiyata da ke karatu a jami'ar ATBU ta zauna ta bincika, sannan na gane inda gizo ke saƙa. Ashe tizil shukar shekara biyu ne. Shekarar farko aikinsa kawai ya baza ganye ya tara abinci a saiwa. Ba zai fitar da kara ba sai ya kwana makonni cikin sanyi na gaske, irin na ƙasashen da ruwa ke daskarewa a waje. Bayan wannan sanyin ne yake miƙewa, ya kai mita biyu, ya yi fure wajen Yuli da Agusta, ya zubar da iri, ya mutu. Asalinsa Turai ne da yammacin Asiya da can arewacin Afirka. Mu kuwa sanyinmu na asuba ne: mu sa rigar sanyi, mu ji ɗumin wuta, kafin azahar rana ta buɗe muna neman inuwa. Abin da muke kira jaura, a wajensa iska ce mai daɗi kawai.

Wannan magana ita ce ya kamata a rubuta a ƙarƙashin hoton, kuma rashin faɗinta shi ne laifin da na ga mai kayan ta yi. Da na koma mata da bayanin, ta ba ni haƙuri, ta ce ita ma ba ta taɓa shuka shi ba, sari ta yi, hoton ma na waɗanda suka sayar mata ne. Na ji daɗin gaskiyar da ta faɗa, amma ta zo a makare, bayan na ba shi wuri mafi kyau a tsakar gida, inda nake shuka alayyafo.

Abin haushi, bayanin da ɗiyata ta karanto min ƙara min kwaɗayinsa ya yi. In ya yi kara, ganyensa bibbiyu ne suke haɗuwa a gindi su zama ƙoƙo mai tare ruwan sama, har ƙwari su faɗa su mutu a ciki. Sunan nan nasa na kimiyya ma daga kalmar ƙishirwa ta Girkanci ya samo asali. Furen kuma daga tsakiyar kan yake fara buɗewa, sai zoben ya rabu biyu, ɗaya ya hau sama, ɗaya ya gangara. Yana da wani ɗan'uwa mai ƙaya lanƙwasasshiya, wanda masaƙun Ingila suka daɗe suna taje bargon ulu da busasshen kansa don gashin ya tashi ya yi laushi. A da, a yankin Somaset na Ingila ake noma shi a kai masana'antun yankin Yokshaya. A Amurka kuwa ya yi yawa har wasu jihohi sun sa shi cikin muggan ciyayi. Wato can ana yaƙi da shi, ni nan ina lallashi.

Zafin Maris da Afrilu ya yi wa shukokina kisan mummuƙe. Ina ban ruwa safe da yamma, amma ganye ya riƙa ƙonewa daga baki-baki, huɗu kaɗai suka tsira, waɗanda ke gindin mangwaro. Ruwan Agusta ya ruɓar da uku. Saura ɗaya. Da hunturu ya sake zagayowa sai na shiga sayen ƙanƙara kullum dare ina jera masa a gindi, Baban Ummi yana daga kan tabarma yana dariya, wai ko shi da ya biya sadaki ba a taɓa yi masa wannan hidimar ba. Sati uku na yi na haƙura. Ƙanƙarar naira 200 ba ta mayar da Yelwa Landan.

In kana Bauchi ko Gombe kuma fure kake so, kada ka saya, komai kyan irin. Ragowar nawa na aika wa ƙanwata a Jos, tunda su a kan tudu suke, sun fi mu sanyi nesa ba kusa ba.

Rannan na koma wajen dattijon nan sayen leda, na nuna masa hoton a waya. Ya ƙura masa ido, ya ce, "'Yata, in dai kai mai ƙaya kike nema, ai ga cika-saura can bayan shinge." Ya kai ni. Kara ne dogo, ƙwallaye masu tsini a jere a jikinsa hawa-hawa; ya ce da kaka furensa ruwan lemo ne, kuma shi yake zubar da irinsa da kansa. Ya yanko min busassu guda bakwai, ya ƙi karɓar ko sisi. Su ne yanzu a tulun falo. Tizil ɗin kuma yana nan gindin mangwaro, ya yi faɗin tire, Ummi ce ke ba shi ruwa.