Wata shida da miƙa wa mataimakiyata kalandata a Outlook

Wata shida ke nan da na ba mataimakiyata wakilci a kan kalandata ta Outlook, manhajar imel da kalanda ta Microsoft, kuma nadamata ɗaya ita ce ban yi tun da wuri ba. A da, mai son ganina sai ya rubuto mini, ni in tura mata, ita ta tambaye ni ko ina da sarari ranar Laraba, ni kuma in sha'afa ban amsa ba.

Saitin bai ci mini minti 5 ba, amma sai da asusun wurin aiki irin na Exchange ko Microsoft 365. Izinin hawa uku ne: mai dubawa kawai, sai mai dubawa ya kuma ƙara nasa, sai wanda aka sakar wa mara ya gyara ko ya goge komai. Na ukun na ba ta. Gayyatar da ta aika tana isa da sunanta da bayanin cewa a madadina ne, don haka kowa ya san da wa yake magana.

Inda na yi tuntuɓe shi ne wata 'yar tambaya da na wuce da gudu: ina gayyatar taro za ta riƙa sauka? Ko wurinta ita kaɗai, ko wurinta a aiko mini da kwafi, ko wurinmu duka biyu kowa ya iya amsawa. Da yake saƙonni sun ishe ni, sai na zaɓi ita kaɗai. Lafiya lau har ranar da ta tafi hutun kwana 4. Gayyata ta yi ta taruwa a akwatinta, ni kuwa ina ta murna mako ya yi sauƙi. Ranar Alhamis da hantsi wayata ta yi ƙara, muryarta a ƙasa-ƙasa: "Yallaɓai, wai mutum shida na zaune suna jiranka tun ƙarfe 10." Laifin ba na kowa ba ne sai nawa. A ranar na koma zaɓin da ke aiko mini da kwafi: ita ke amsawa, amma ina ganin abin da ya shigo. Zaɓi na ukun, na mu duka biyu, ban so shi ba, don kada ni in karɓa ita ta ƙi.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne maganar sirri. In na sa wa ganin likita alamar sirri, lokacin a toshe kawai take gani, ba ta ganin dalili, sai fa in ni na buɗe mata da hannuna a wani ɗan akwati daban. Masu amfani da Google Calendar su kula a nan, domin can wanda ka ba cikakken izinin gyara yana ganin har abin da ka sa wa alamar sirri.

Abu ɗaya ne manhajar ba za ta koya wa wakili ba, wato halin mai kalandar. Makon farko ta jera mini taro 5 kai da kai, ko numfashi babu. Da na yi ƙorafi ta ce, "Ai wurin a buɗe na gan shi, Yallaɓai." Yanzu minti 15 take bari tsakani, safiyar Litinin kuwa na toshe ta da kaina.