Abin da ya kamata a saya don hana ruwa shiga tankin tsohuwar mota mai ɗaki

Motocin GMC masu ɗakin kwana, waɗanda aka ƙera a Pontiac ta jihar Michigan daga 1973 zuwa 1978, har yanzu suna bin titunan Amurka, kuma 'yar autarsu ta haura shekara 45. Kowace tana da tankunan ƙarfe biyu masu cin galan 25 kowanne, wato kimanin lita 190 jimilla, kuma irin wannan mota takan yi watanni a ajiye a fili, ruwan sama na gangarowa daga rufi yana bi ta kan bakin tanki. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne yawancin fetur ɗin da ake sayarwa a Amurka yana da kashi 10 cikin ɗari na etanol (wani nau'in alkohol), wanda ke shanye ruwa har ya kai wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari na man. Da zarar an wuce haka, sai ruwan ya janye etanol ɗin su kwanta tare a gindin tanki, daidai inda injin ke zuƙa kuma inda tsatsa ke farawa. Ke nan lita ɗaya ta ruwa ta isa ta ɓata cikakken tanki.

A ganina, kuɗin farko a kan murfin tanki ya kamata su tafi, domin shi ne mafi arha kuma shi ne ya fi yawan zama sanadin matsalar. Sai dai ba kowane murfin da ya zauna a bakin ba ne ya dace. Akwai mai ƙaramar kafar shan iska, akwai kuma rufaffe mai bawul a ciki, wanda aka yi wa motocin da tankinsu ke numfashi ta gwangwanin gawayi mai kama tururin fetur. Idan aka sa mai kafa inda ba a buƙatarsa, an buɗe wa danshi ƙofa. Idan kuma aka toshe tankin da ta murfi kaɗai yake shan iska, injin zai riƙa shaƙewa a kan hanya, tankin ma yana iya lotsewa. Saboda haka a duba tsarin motar kafin a biya. Murfi mai makulli yana hana sata, amma ramin makullin wata kafa ce, don haka wanda yake da marufi a kan ramin ya fi.

Wanda murfinsa na asali bai lalace ba yana iya sauya zoben robar kawai. Robar nitril ta fi sauƙin kuɗi, amma rana da iska suna tsattsaga ta da wuri, yayin da robar Viton ke jure fetur mai etanol shekaru masu yawa, kuma bambancin farashin a abu ƙarami haka bai kai a tsaya ciniki ba. Kafin a ɗaura sabon zobe a goge leɓen bakin tankin, domin roba ba ta kama ƙarfen da tsatsa ta ci.

Akwai gyaran da ba ya cin ko kwabo: idan lungun da bakin tanki yake ciki yana da ramin tsiyayar ruwa, a zura waya a fitar da laka da ganyen da suka toshe shi, in ba haka ba ruwa zai taru ya kewaye murfin, ya faɗa ciki ranar da aka buɗe. Bayan wannan, ɗan indararon roba da ake mannawa a saman ƙofar lungun ya fi rufe motar da tamfol amfani, saboda tamfol yana riƙe danshi kuma iska na sa shi ya goge fenti. Gam ɗin silikon kuwa a nisance shi, domin fetur yana kumbura shi, gutsattsarinsa su bi mai su toshe kabureta.

Magungunan da ake zubawa a tanki, irin su HEET mai metanol da ISO-HEET mai isofurofil, suna kwashe 'yar raɓa ne kawai, ba sa gyara man da ya riga ya rabu gida biyu. Kafin a saye su, gara a ja ɗan mai daga gindin tanki a zuba a kwalba mai haske a bar shi ya natsa. Idan aka ga layi ya raba shi, sai a tsiyaye tankunan biyu gaba ɗaya.