Haɗama ko taskace amsa: wacce za ka fara kamawa?

Ɗan'uwa, ka ce ka fara digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta nan Kaduna, kuma a darasin tsara algoridim, wato matakan da kwamfuta ke bi ta warware matsala, giridi da dainamik sun cakuɗe maka, kana so ka san wadda za ka fi ba ƙarfi. Ni giridi ina ce mata dabarar haɗama, dainamik kuma dabarar taskace amsa.

Haɗama kullum muna ganinta a hannun kwandasta. Canjin naira 380 zai ba ka, sai ya zaro 200, ya bi da 100, 50, 20, 10. Babbar da ta shiga yake ɗauka, ba ya waiwaye, kuma da takardun naira hakan ne ke ba da mafi ƙarancin adadi. Amma da a ce takardun 10, 30 da 40 ne kawai, canjin kuma 60, haɗama za ta ba da 40, 10, 10, alhali 30 biyu sun wadatar.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne wajen lodi. Mai baro a Kasuwar Bacci yana iya ɗaukar kilo 100. Ga ƙunshi mai kilo 60, ribarsa dubu 66. Ga wasu biyu, kowanne kilo 50, riba dubu 50. Haɗama ta duba ribar kowane kilo ta ɗauki na farko, saura gurbin kilo 40 da babu abin da zai shige shi: dubu 66 ke nan. Da biyun nan aka ɗora, dubu 100 ce. To amma idan hatsi ne da ake aunawa da mudu, sai a cike gurbin da kilo 40 na wani buhun a tashi da dubu 106, kuma nan haɗama ba ta da na biyu. Kaya iri ɗaya, raba su ko rashin rabuwa ne ya sauya komai.

Taskace amsa, wadda Richard Bellman ya raɗa wa sunan dainamik a shekarun 1950, ba ta gaggawa. Jadawali take ginawa: da ƙunshi na farko kaɗai, mece ce riba mafi yawa a kilo 1, kilo 2, har 100? Sai ta ƙara na biyu, tana ɗora sabuwar amsa kan waɗanda ta riga ta adana. Kuɗin da ake biya shi ne lokaci da ma'ajiya, domin jadawalin yana kumbura da girman nauyin. Kada hakan ya ruɗe ka ka zaci an gama da matsalar lodi. Tana cikin matsaloli 21 masu wuya da Richard Karp ya jero a 1972.

Shawarata ka fara da taskace amsa. Wahalarta a gaba take, wajen gano ƙananan matsalolin da dangantakarsu; da ka same su, hujjar ingancin kusan tana biye. Haɗama kuwa layi goma ka rubuta ta, amma a wannan matakin hujja malami zai nema: ka ɗauki amsa mafi kyau, ka musanya zaɓinta da naka, ka nuna ba a yi asara ba. Nan na ga ɗalibai masu ƙoƙari suna zubar da maki, abin yana damuna ƙwarai.

Hanyar Huffman ta 1952 ta matse bayanai, da ta Kruskal ta 1956 ta haɗa dukkan tashoshi da mafi ƙarancin nauyi, duk haɗama ce mai hujja, ka karanta su bayan haka. Sannan ka zana taswira mai tasha huɗu, ka ba kowace hanya nauyi, wato kuɗin bin ta, ka sa wa hanya ɗaya nauyin da ke ƙasa da sifili, ka nemo inda hanyar Dijkstra ta 1959, haɗama mai neman hanya mafi ƙarancin nauyi, za ta kuskure, ka ga yadda hanyar Bellman-Ford, mai taskace amsa, ke gyarawa. Idan ka maƙale, turo zanen mu duba tare.