Kuɗin farfesa a Amurka ko tallafin DAAD?

Mai neman digiri na uku a fasahar gyaran ƙwayoyin halittar tsirrai yana da hanya biyu. A Amurka farfesa ne ke ɗaukarka da kuɗin bincikensa: a yafe maka kuɗin makaranta, a ba ka alawus, ka yi aikin awa 20 a mako. Sai dai batun binciken nasa ne, kuma in kuɗin ya ƙare, koyarwa za ta ciyar da kai.

Tallafin DAAD kuwa, wato hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu, naka ne, amma sai da digiri na biyu da wasiƙar malamin da zai duba aikinka. Wa'adinsa bai wuce shekara huɗu ba, alhali tsiro bai san gaggawa ba: in fumfuna ta shiga kwalaben da ake renon tsirrai a ɗakin gwaji, aikin watanni ya tafi. In rogo za ka taɓa, mai jan lokaci, gara Amurka.